Idan Shiru Ya Yi Tsawo

Akwai maganar da ba a yin ta a masallaci, sai a rumfar kasuwa bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa: "Anya Allah bai manta da ni ba?" Mai faɗar haka ba fasiƙi ba ne. Sau da yawa shi ne ke sahun gaba da asuba.

Abin lura, ba mu cika jin wannan magana lokacin babbar masifa ba. A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa, amma bakin kowa addu'a ce. Cikin makonni kaɗan aka ƙwato garin. Wahalar da ta fi cin zuciya ita ce mai tafiyar hawainiya: aka rufe iyaka a 2019, takardar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, aka cire tallafin mai, naira ta durƙusa gaban sefa. Jarin da a da ke cika mota, yau da ƙyar ya cika baro. Mu kuma da muka baro Kano da Katsina da Zariya muka zauna a Belel, can gida ana jiran aike, don an ɗauka duk wanda ke bakin iyaka a cikin kuɗi yake kwana. Ka yi addu'a, ka yi sadaka, shiru. Maƙwabcinka da ba ya ko zuwa jam'i sai ƙara shago yake.

To, shirun nan ba a kanmu aka fara ba. Wahayi ya taɓa yankewa Manzon Allah (SAW) na wasu kwanaki, har mushrikan Makka suka yi ta habaici wai Ubangijinsa ya rabu da shi. A kan haka Suratud Duha ta sauka. Ku koma ku karanta ta da fassara, yaranmu ma sun haddace ta. Ba ta faɗi dalilin jinkirin ba. Ta kore maganar rabuwa, ta tuna masa maraicinsa da rashinsa da yadda aka fitar da shi daga cikinsu. Mu ma akwai lissafin da ba mu yi. Wa ya ciyar da mu a hanyar gudu, ranar da ko kwano ba mu ɗauka ba? Muna auna alkawarin Allah da littafin ciniki, alhali bai taɓa yi mana alkawarin riba kowace kasuwa ba.

Inda surar ta ƙare shi ne ya fi taɓa mu. Wanda ake lallashi, shi aka umarta kada ya danne maraya, kada ya tsawata wa mai roƙo. Ashe mai jin an manta da shi, wani lokacin mu ne muka manta da shi. Akwai ɗan'uwa a cikinmu da ya kwana biyu ba a gan shi a sahu ba, muka ce ko ya yi sanyi da addini. Da aka bi shi gida, lafiyarsa ƙalau, yana sallarsa a ɗaki. Kunya ce ta riƙe shi, don mai bin sa bashi a sahu ɗaya suke tsayawa.