MARA LAFIYA AMANA NE, KO DA BA SHI DA KO SISI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, maganata ta yau a kan mara lafiya ce, musamman wanda ba shi da kuɗi kuma bai san kowa ba. Mutum idan ciwo ya kwantar da shi, ko ya kwantar da ɗansa, abu na farko da yake rasawa shi ne ƙarfin cewa a'a. Duk abin da aka miƙo masa zai karɓa, duk takardar da aka ce ya dangwala wa hannu zai dangwala. Saboda wannan raunin ne Shari'a ta mai da shi amana a wuyan likita da hukuma da mai dukiya. Mu Kanawa kuwa mun ga abin da cin wannan amana yake haifarwa, a garinmu aka yi, ba labarin wata ƙasa ba ne.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe mutane kusan dubu 12 a Najeriya, yawancinsu yara. Iyaye suka riƙa kwarara Asibitin Zana da 'ya'yansu a goye, wuya ya sandare, jiki kamar garwashi. Ana cikin wannan hali ma'aikatan kamfanin magani na Pfizer suka iso daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, suka gwada shi. Yara kusan 200 aka saka a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni masu gwajin suka tattara suka koma ƙasarsu, annobar kuwa tana nan tana ci.

Addini ya wajabta mana adalci ko a kan wanda muke jin haushinsa, don haka zan faɗi abin da kowane ɓangare ya ce. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi wa yaran illa, ba maganinsa ba, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kuma ba a sanar da su cewa a cikin asibitin nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta ba. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwai. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A watan Agustan 2011 aka fara biyan iyalai huɗu, dala dubu 175 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta. Ku lissafa da kanku, shekara 15 kenan tsakanin kabari da diyya.

To, mu ajiye shari'ar kotu, mu tambayi Shari'ar Allah. Ko da a ce maganin ya warkar da yaran nan duka, tambayar tana nan: an nemi izinin iyayensu bayan an fahimtar da su, ko ba a nema ba? Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa a ciwon ajalin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam iyalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni da kada su yi. Sun ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda yake ɗakin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Jama'a, waɗannan fa masoyansa ne, lafiyarsa suke nema, amma kyakkyawar niyyarsu ba ta ba su ikon shiga jikinsa ba da yardarsa ba. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka ce likitan da ya yi aiki a jikin mutum ba da izininsa ko izinin waliyyinsa ba, to lamuni yana kansa idan aka sami ɓarna. Haka wanda ya shiga aikin likitanci ba da ilmi ba, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawud. Sun keɓe halin larura, inda rai yake hannun Allah kuma babu wanda za a tambaya; a nan ceto ake yi ba jira.

Izini kuma ba dangwala yatsa ba ne kawai. Uwar da ba ta jin Turanci, ɗanta yana suma a hannunta, aka karanto mata takarda cikin gaggawa ta ce "to", wannan "to" ɗin ba yarda ba ce a wurin Allah. Sai an gaya mata da harshenta me za a yi, mene ne haɗarinsa, akwai wata hanya ko babu, kuma idan ta ƙi ba za a kore ta ba.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an gurɓata shi, ba a dawo da shi ba sai watan Yulin 2004 da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya. Daga cikin hujjojin da mutane suka riƙa kafawa a lokacin har da abin da ya faru a Asibitin Zana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cutar ta bazu har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wa ya biya wannan farashin? 'Ya'yan talakawa ne dai. An cuce su da gwaji, sannan tsoron da gwajin ya haifar ya sake cutar da ƙannensu. Saboda haka nake roƙon iyaye, kada laifin wancan ya sa ka hana ɗanka rigakafin da likitocinmu amintattu suka tabbatar. Mun ga yadda mashaƙo ta yi mana ɓarna a Kano a 2023, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba su sami rigakafi ba.

Wani zai ce, Malam ai wannan Turawa ne suka yi. To mu fa? Mu mutanen Ƙofar Mata maƙwabtan Asibitin Murtala ne, kullum muna ganin jama'a daga ƙauyuka, daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar, suna zuwa neman lafiya. Da yawansu sai sun sayar da akuya ko buhun gero kafin su hau mota. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye. Ma'ana, mai kuɗi ya sha magani, mara kuɗi ya sha haƙuri. Alhali a nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma kasafin tarayyar Najeriya bai taɓa kaiwa nan ba.

Sannan akwai zaluncin da ba ya bukatar kasafi. Ma'aikacin da zai tsallake tsohuwar da ta kama layi tun asuba ya shigar da ɗan Alhaji don sanayya. Likitan da zai bar marasa lafiyar gwamnati suna jira ya tura masu hali asibitinsa na kuɗi. Mai kemis da yake allura da ƙarin ruwa bai karanta ba. Wanda zai ce wa mai naƙuda tana zubar da jini sai an ajiye kuɗi tukuna. Ku sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Tun 2017 kuma doka ta ce wanda aka harba a duba shi ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Wannan haƙƙinka ne, ka sani, ka sanar da wani.

Ban manta da likitoci da nas-nas da ungozoma masu tsoron Allah ba. Akwai waɗanda suke kwana tsaye, mutum ɗaya yana duba ɗaruruwa, wani ma daga albashinsa yake saya wa mara lafiya magani. Ku yi bushara, a Suratul Ma'ida aya ta 32 Allah ya daidaita raya rai ɗaya da raya mutane baki ɗaya, kuma bai ce ran mai kuɗi ba. Mu kuma 'yan jinya mu daina zagi da dukan ma'aikata, wanda ya gaji ba ya ƙara kuzari da ashar.

Magabata ba haka suka bar mara lafiya ba. Rufaida, Allah ya ƙara mata yarda, tantinta a masallacin Annabi yake, a nan aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Masana tarihi sun ruwaito Sayyidina Umar ya wuce wasu kutare Nasara a Jabiya ta ƙasar Sham, ya yi umarni a riƙa ciyar da su daga baitulmali, bai tambayi addininsu ba. A Alƙahira Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a 1284, ya yi masa waƙafi, ana duba mai kuɗi da talaka ba a karɓar komai. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai je dubawa ba. Idan rashin dubiya abin tuhuma ne, yaya wanda ya rufe masa ƙofa?

Don haka ina kira ga attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau: Umara ta biyar da ta shida ba su kai ceton rai ba. Ka je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin gwamnati mafi kusa da kai, ka tambayi waɗanda aka rubuta wa aiki ko wankin ƙoda suka kasa biya. Talakan da ciwo ya ci ƙarfinsa yana cikin masu cin zakka. Kwamitin kowane masallacin unguwa ya buɗe asusun jinya, a rubuta shiga da fita, a biya wa marayu da zawarawa rajistar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano. Matasa masu ƙoshin lafiya ku ba da jini, sadaka ce da ba ta bukatar aljihu. Mahukunta kuma ku tuna, duk wanda ya mutu a bakin ƙofar asibiti don babu magani, akwai wanda za a tambaya.

Allah ya ji ƙan yaran da suka rasu a 1996, ya ba iyayensu ladan haƙuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, ya sa kaffara ne, ya ba mu shugabanni masu tausayi. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.