Hannun da Ke Jan Carbi Kada Ya Nakasa Ɗan'uwa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam ya daidaita gaɓoɓinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (RTA).

Bayan haka, Bahaushe bai haɗa cutarwa a kalma ɗaya ba. In an ce an ji wa mutum ciwo, ana sa ran gobe zai fita. In an ce an raunata shi ko ya jikkata, to akwai jinya. Amma in aka ce an illata shi, an gurgunta shi, an makantar da shi, an kassara shi, an nakasa shi, to magana ta wuce jinya, abu ne da zai shiga kabari da shi.

A Kalfu da sauran ƙasar Adar, jarin talaka jikinsa ne. Da shi yake noman hatsi da damina, da shi yake tafiya cin rani Abijan ko Libiya ya aiko wa gida. Wanda ya sare masa hannu ya sare abincin mata da ƴaƴa da tsofaffi. Kuma lokacin da aka fi jin tsoro shi ne kaka, sa'ad da garkuna ke gangarowa daga arewa tun hukuma ba ta ba da ranar sakin gonaki ba. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi ta yankin Madawa cikin jihar Tawa, shigar dabbobi gona ta jawo faɗan da ya ci kusan rai 20, fiye da 40 suka jikkata. Mamata an yi musu sallah an yi ta'aziyya. Masu rauni kuwa kalma ɗaya aka tara su ciki, alhali kowanne da irin nauyin da ya koma gida da shi.

Shari'a ba ta tara su haka ba. Duk almajirin da ya karanta babin jini da haddi a Risala ya san kowane rauni da sunansa da farashinsa. Muliha, wadda ta tona ƙashin kai ko na fuska, raƙuma 5. Munaƙƙila, wadda ta farfasa ƙashin har ya gusa, raƙuma 15. Ma'amuma da ta kai ga ƙwaƙwalwa, da ja'ifa da ta huda ciki, kowacce sulusin diyya. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5, hannu ko ido rabin diyya, wato 50 cikin 100. Wanda ya gusar wa mutum da hankali ko ji, diyya cikakkiya ce a kansa, kamar ya kashe shi. A mazhabar Imamu Malik, idon mai ido ɗaya ma diyya cikakkiya ce, domin shi ne dukkan ganinsa. Sanda guda cikin fushi tana iya jawo bashin da gona da garke ba su biya.

Nan ne wa'azin ya shafi ɗan ɗarika. Yana yin istigfari 100 a lazimin safe, 100 a na maraice, ya zauna wazifa cikin jama'a. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya. Annabi (SAW) ya ba da labarin matsiyaci na gaskiya: mutumin da zai zo ranar alƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya doki wannan, ya zubar da jinin wancan, sai a rarraba ladansa ga waɗanda ya zalunta, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu. Wuridi ma lada ne, shi ma ana iya kwashe shi.

Kuma ba adda kaɗai ke nakasawa ba. Mai zuga matasa da baki yana da rabo cikin kowane sara. Mai ɓata sunan budurwa ya kassara aurenta ba tare da ɗigon jini ba. Shi kansa azzalumi yana fita da illa, domin zuciyar da ta saba da cutar bayin Allah takan makance, har zikiri ya zama motsin leɓe kawai.

Saboda haka muridi in an yi masa ɓarna, ya ajiye sanda ya nufi maigari ko sarki ko kwamitin filaye, a auna ɓarnar a biya shi. Ƙisasi aikin hukuma ne, ba na mai fushi ba. In shi ya taɓa illata wani, ya je da ƙafarsa tun suna raye, ya ɗauki kuɗin magani, ya noma masa gona, ya nemi gafara. Wanda aka raunata kuma ya tuna aya ta 45 ta Suratul Ma'ida, wadda bayan ta tabbatar masa da haƙƙinsa ta yi wa mai yafewa bushara da kankarar zunubi.

Allah ya tsare hannayen ƴan'uwa da harsunansu, ya ba majinyata lafiya, ya zaunar da Adar lafiya, albarkar Annabi (SAW). Amin.