Bin Zane da Sanin Dalili: Matsalar Taƙlidi a Ginin Ƙaramar Roka

Ƙaramar roka, irin wadda ɗalibai da masu sha'awa ke ginawa su harba a fili, abu ne marar nauyi da ake haɗawa da bututun kwali, da katakon balsa mai laushi, da roba, da gam. Tana da hanci mai tsini, da fukafukai uku ko huɗu a gindi, da laimar sauka da ake naɗewa a cusa a ciki. Injinta ɗan bututun takarda ne mai kauri da aka danƙara wa albarushi a masana'anta. Idan aka kunna shi da lantarki daga nesa, sai rokar ta zame a kan sandar ƙarfe ta yi sama, ta ci gaba da tafiya bayan wutar ta ƙare, sannan wani ɗan albarushi da ke saman injin ya tashi ya ture hancin, laima ta buɗe, ta sauko a hankali. A sa sabon inji a sake harbawa.

Yawancin masu farawa da zane suke aiki. Takardar tana faɗin tsawon bututu, da siffar fiffike, da inda za a manna kowane abu. Tana cewa a yanka katakon yadda layin jijiyarsa zai bi gefen fiffike na gaba, a goge da samfefa, a cusa takarda marar cin wuta tsakanin inji da laima. Sau da yawa ba ta faɗin dalili. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya bin umarnin nan ɗaya bayan ɗaya, rokarsa ta tashi cak, ta dawo lafiya, alhali bai san me ya sa jijiyar katako za ta bi wancan gefe ba. Daga nan tambaya ta taso, kuma ta daɗe a duniya kafin a san roka: wanda ya dace ta hanyar bin maganar wani, ya sani ne, ko sa'a ce ta dafa masa?

Malaman usulu sun kira karɓar maganar wani ba tare da sanin hujjarsa ba taƙlidi, kuma sun yi saɓani a kansa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya hana shi. Mafi yawan malamai sun ga cewa wanda bai kai matsayin ijtihadi ba, abin da ke kansa a rassan fiƙihu shi ne ya tambayi masani ya bi, domin in aka ɗora wa kowa binciken hujjar kowace mas'ala, noma da kasuwa da sauran sana'o'i za su tsaya. Ginin ƙaramar roka yana ba da damar duba wannan saɓani a wurin da sakamako ke bayyana cikin sakan kaɗan.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, wannan sana'a da gangan aka kafa ta a kan dogaro da wani. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957, zazzaɓin roka ya kama matasan Amurka. Da yawa suka riƙa haɗa sinadarai a gida suna ɗurawa cikin bututun ƙarfe, wasu suka rasa yatsu ko idanu, wasu suka rasa rai. Kowannensu yana ijtihadi ne ba tare da kayan ijtihadi ba. Tun a 1954 Orville Carlisle, mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, wanda kuma ya ƙware a haɗa wasan wuta, ya ƙirƙiro ɗan inji da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ya aika samfuri ga G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands. Stine ya kafa ƙungiyar da ta zama National Association of Rocketry a 1957, ya kuma tsara ƙa'idojin kariya bisa abin da ya gani a filin gwaji. Vernon Estes kuwa ya ƙera na'urar da ya sa wa suna Mabel, wadda ke fitar da inji ɗaya cikin kowane sakan biyar da rabi. Hikimar mutanen nan ita ce raba aikin gida biyu: ɓangaren da ke kisa ya koma hannun ƙwararru, ɓangaren da kuskure a cikinsa bai wuce karyewar kwali ba ya zauna a hannun mai koyo. Har yau ƙa'idar ta hana a taɓa cikin inji ko a yi masa wani sauyi, kuma injiniyan da ya san kimiyyar albarushi ma yana bin ta kamar yadda ɗan firamare ke bi.

Sai dai wannan dogaro ba na makanta ba ne. A jikin kowane inji akwai alama, misali C6-5. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin da ke ciki, kuma kowane harafi yana ninka wanda ya gabace shi: iyakar A niyuton-sakan 2.5, iyakar B 5, iyakar C 10. Lambar farko matsakaicin turi ce, ta biyun kuma sakan nawa za a jira kafin laima ta fita. Ƙungiyar tana gwada injuna kafin ta amince da su. Wato mai bi bai san abin da ke ciki ba, amma ya san wanda ya yi, ya san an gwada, kuma maganar da aka rubuta masa magana ce da za ta tonu idan ƙarya ce. Wannan ya yi daidai da abin da malamai suka shardanta ga mai tambaya, cewa ya nemi wanda aka sani da ilimi da amana. Zaɓen wanda za a bi shi kansa aikin hankali ne, kuma shi ne ɗan ijtihadin da ba a ɗauke wa kowa ba.

A jikin rokar ne iyakar taƙlidi ke fitowa fili. Kowace roka tana da wurare biyu da ido ba ya gani. Ɗaya cibiyar nauyi, inda za ta daidaita in aka ɗora ta a kan yatsa. Ɗaya cibiyar turin iska, inda ƙarfin iskar da ke dukan gefenta yake tattaruwa. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. Idan haka ne, duk lokacin da rokar ta ɗan karkace, iska za ta danna fukafukai ta mayar da hancin kan hanya. Idan cibiyoyin suka juya, iskar ce za ta ƙara karkatar da ita, sai ta riƙa wuntsilawa da wuta a gindi, ba a san inda za ta nufa ba. Mai zane ya riga ya yi wannan lissafi ya ɓoye shi a cikin ma'aunai. Matuƙar mai bi bai kauce ba, lissafin yana yi masa aiki.

Matsala tana zuwa ne ranar da ya so ya ɗan canza. Ya rage girman fukafukai don su yi kyau, cibiyar turin iska ta matsa gaba. Ya sa inji mafi girma don ta yi nisa, nauyi ya koma baya. A ganinsa bai saɓa wa zanen ba sai a ƙananan abubuwa, don bai san wane layi ne ado, wane ne ginshiƙi ba. Wanda ya san dalili zai cusa ɗan yumɓu a hanci ya gyara. Bambancin mutum biyun nan ba ya bayyana a ranar da komai ya tafi yadda aka tsara, kuma shi ya sa dacewa kaɗai ba ta isa shaidar sani.

Amma ba a zuwa ga dalilin sai ta ƙofar bin. Kusan duk wanda ya iya zana tasa rokar, da ta wani ya fara. Akwai gwajin da masu koyo ke yi: a ɗaura igiya a cibiyar nauyin rokar da aka sa wa inji, a riƙa wulwula ta a sama da kai. Idan hancin ya juya ya fuskanci inda ake tafiya, ta daidaita. A wannan lokaci abin da yake ji ne a takarda ya zama gani. Mataki na gaba lissafi ne. A tsakiyar shekarun 1960 James Barrowman, ma'aikacin hukumar NASA, ya fitar da hanyar lissafa cibiyar turin iska daga siffar hanci da fukafukai, kuma manhajojin kwamfuta da ake zana roka da su a yau a kan aikinsa suka ginu. Ko a nan dogaro bai ƙare ba, domin mai amfani da manhajar yana bin Barrowman ne, shi ma Barrowman ya gina a kan waɗanda suka gabace shi. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da mutum zai iya bincikawa da kansa in buƙata ta taso. Akwai ma sanin da zane ba ya ɗauka sam, kamar yawan gam da ya isa, ko karanta iskar fili: ƙa'ida ta hana harbi idan gudun iska ya wuce kimanin kilomita 32 a awa, amma sanin cewa roka mai manyan fukafukai za ta karkata ta nufi inda iskar ke fitowa, ido da maimaici ne ke koya shi.

A fagen aƙida kuwa, saɓanin malamai a kan taƙlidi ya fi zafi. Muhammad bn Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya tsananta wajen neman kowa ya san Ubangijinsa da dalili. Daga baya wasu ɗalibai suka wuce gona da iri, suna yi wa talakawa jarrabawar ilimin kalam, wanda ya kasa su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce yana raddi a kansu, yana kare imanin gama-garin Musulmi, ba tare da ya daina kiran mutane, maza da mata, zuwa neman ilimi ba. Wannan matsayi shi ne mafi adalci: ba a wulaƙanta mai bi, ba a kuma ce masa ya isa.

Kwatancen yana da iyaka da bai kamata a tsallake ba. Zanen roka marar kyau yana tona kansa a harbin farko, a gaban jama'a, kuma asarar ba ta wuce kwali da inji ɗaya. Fatawa marar kyau tana iya daɗewa ƙarni guda ana aiki da ita ba wanda ya ga ta wuntsila. Inda babu filin gwaji, nauyin ya koma kan binciken malami: daga wa ya karɓa, me sauran masana suka ce a kansa, yana bayyana hujjarsa idan an tambaye shi ko kuwa yana fushi. Wannan ne ya sa malaman Musulunci suka ba isnadi da ijaza da sanin halin maruwaita muhimmancin da suka ba su.