Kunnen da Ke Jin Ciwon Wani

A harshen Hausa kalmar "ji" tana ɗauke da kaya masu yawa. Da ita ake jin ƙarar ganga, da ita ake jin yunwa da zafi, da ita kuma ake jin tausayi. Wanda ya fahimci harshe ma, cewa ake yi yana jin Jju ko yana jin Tyap. Ke nan tun a bakin kakanni, kunne da zuciya hanyarsu ɗaya ce. Amma a yawancin gidaje da makarantu an rage wa kalmar nan girma, har ta koma biyayya kaɗai. Idan aka ce yaro ba ya jin magana, nufin shi ne ba ya yin abin da aka umarce shi. Da haka yaro yake tashi da tunanin cewa sauraro aikin na ƙasa ne, magana kuwa ta manya ce, yana ta ɗokin ranar da shi ma zai girma ya daina sauraron kowa.

Tambayar da ke gaban iyaye da malamai ita ce: shin wajibi ne mutum ya saurari wanda labarinsa ke masa zafi, har ma wanda yake ɗauka abokin gaba ne? In kuwa wajibi ne, yaya za a koya wa ɗalibai?

Ƙasar da kowa yake da labarinsa

A Zonkwa, hedkwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, wannan tambaya tana da nauyin jini. A watan Maris na 1987, gardama a kan wa'azi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama wutar da ta kai har Kaduna, Zariya da Funtuwa. Abin lura shi ne, waɗanda rikicin ya fara a tsakaninsu matasa ne da ake shiryawa su zama malaman makaranta. A 1992 batun sauya wa kasuwar Zangon Kataf wuri ya jawo zub da jini sau biyu, a Fabrairu da Mayu. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. A garuruwan arewa an ƙone majami'u an kashe Kirista. A Zonkwa da Matsirga kuwa yawancin waɗanda aka kashe Musulmi ne, waɗanda suka tsira da yawa suka ƙare a sansanin alhazai na Kaduna. A shekarun da suka biyo baya, hare-haren dare sun sa ƙauyuka da dama na kudancin Kaduna binne 'ya'yansu a kabari guda.

Kowane gida yana riƙe da rabin wannan tarihi, wato rabin da ya shafe shi. Yaran da aka haifa bayan 2011 sun riga sun shiga sakandare, kuma abin da suka sani game da waɗannan shekaru daga bakin iyayensu suka ji. Kunne ya girmi kaka, gaskiya ne, amma kunnen da bakin gida ɗaya kaɗai ya taɓa ji, rabin gado ya ci.

Ƙorafin da bai kamata a raina ba

Akwai mai cewa: "Wanda ya binne ɗansa, don me za a ce ya zauna ya saurari kukan wancan ɓangare? Ai cin amanar matattu ne." Wannan magana daga rauni ta fito, kuma wanda ya yi gaggawar ba ta amsa ya nuna shi kansa bai iya sauraro ba. Duk da haka tana ɗauke da kuskure guda, domin ta ɗauka cewa sauraron mutum daidai yake da amincewa da abin da ya yi. Alƙali yakan saurari mai ƙara da wanda ake ƙara, sa'an nan ya yanke hukunci, kuma ba wanda ke cewa ya ci amanar gaskiya don ya ji bakin kowa. Wanda ya saurari maƙwabcinsa yana nan da 'yancinsa na neman shari'a da diyya. Abin da ya rasa kawai shi ne damar ɗaukar maƙwabcin a matsayin wanda ba ya jin zafi. Wannan ɗauka kuwa ita ce ke sauƙaƙa wa hannu ɗaukar adda a karo na gaba.

Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa shaida ne. A tarzomar da ta ɓarke a Kaduna a 1992 saboda abin da ya faru a Zangon Kataf, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa da zargi a ransa, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin amana ta zauna. Daga wannan zama ne cibiyarsu ta sasanta mabiya addinai ta fito a Kaduna. Ba wanda ya bar bangaskiyarsa a cikinsu. Haka kuma a ranar 23 ga Maris 2016, wakilan ƙabilu 29 daga ƙananan hukumomi biyar, wato Jema'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf, suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, bayan watanni ana zama ƙarƙashin jagorancin Alice Nderitu 'yar ƙasar Kenya. Kafin shekarar ta ƙare an sake kashe mutane a yankin. Wannan ya nuna iyakar abin: sauraro ba ya tsaya a madadin tsaro da adalcin hukuma. Ya kuma nuna cewa abin da dattawa suka koya a zauren taro, in bai sauka zuwa ga matasa ba, a takarda zai tsaya.

Abin da sauraron juyayi yake nufi

Labarin Ayuba sananne ne a kowane gidan masu bi. Abokansa uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, sai ta'aziyya ta koma tuhuma. Haka yake faruwa a gidajen makoki har yau: kafin mai baƙin ciki ya gama jimla ɗaya, an rufe shi da "sai haƙuri" da labarin wani wanda nasa ya fi muni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai sauraron kirki yakan bar shi ya nuna wurin da kansa.

Carl Rogers, masanin halayyar ɗan adam na ƙasar Amurka, ya lura cewa babban shingen fahimta shi ne saurin yanke wa maganar wani hukunci. A 1952 ya ba da wata shawara mai sauƙi: a lokacin gardama, kada kowa ya faɗi nasa sai ya fara maimaita ra'ayin wanda ya riga shi magana da yadda yake ji a ransa, har mai maganar ya yarda cewa an fahimce shi. Duk wanda ya gwada zai tarar da wuyarta, domin yawancin mutane, lokacin da wani yake magana, amsarsu suke shiryawa.

A cikin aji da cikin gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malami ba ya bukatar sabon littafi ko kuɗi don ya fara. Zai iya raba ɗalibai biyu biyu, ɗaya ya yi magana na minti uku, ɗayan ya yi shiru, sa'an nan ya maimaita abin da ya ji, mai maganar ya gyara masa. Daga nan su yi musanya. Hikima ce a fara da ƙananan abubuwa, kamar faɗan filin ƙwallo ko rabon shara, a bar batun rikici sai aji ya saba kuma amana ta kafu. Yana da kyau a riƙa haɗa ɗan Bajju da ɗan Fulani, 'yar Atyap da Bahaushiya, domin kunne ya saba da muryar da ba ta gida ba. Doka biyu za su kiyaye wannan aiki. Abin da aka faɗa a aji ba na tsegumi ba ne a waje. Amma idan yaro ya bayyana cewa ana cutar da shi, dole malami ya kai maganar ga waɗanda za su kāre shi.

Sai dai ɗalibi ya fi koyo daga abin da aka yi masa. Malamin da ya ɗaga bulala kafin ya tambayi yarinya dalilin makararta, alhali tun asuba take neman ruwa, ya rushe darasin mako guda cikin minti ɗaya. Uban da ke amsa wa ɗansa ido a kan waya, shi ma darasi yake bayarwa. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da sauran wuraren horar da malamai za su yi wa yankin babban alheri in suka ɗauki sauraro da muhimmancin da suke ba tsara darasi.

Amsar tambayar farko ke nan: wajibi ne, ko da yake ba a tilasta wa mai sabon rauni, a kan jira shi har ya iya. Iyaye kuwa ba sai sun jira makaranta ba. A daren yau, bayan tuwo, uba ko uwa na iya tambayar yaro abin da ya fi damunsa a wannan mako, su kuma riƙe bakinsu har ya kai ƙarshen maganarsa.