Wa Ya Fi Sanin Darajar Tafki?

Ya ku 'yan makaranta, a ƙasar Italiya akwai wani tafki, Komo, a gindin duwatsun Alp, zurfinsa ya fi ƙafa 1,300. Attajirai kan ɓad da dukiya don su je su kalle shi kurum. Mu kuwa mutanen Mabera, ga Tafkin Kware nan arewa da Sakkwato, mun bar wa masunta da manoma.

To, wa ya fi sanin darajar ruwa, mai kallo ko mai ci daga gare shi? Ni dai a ganina kallon halittar Allah ba shiririta ba ne, in ya jawo tunani da godiya. Amma wanda ya tafi don a ce ya je, kansa ya kai a kalla, bai ga tafki ba. Ku fara da Kware tukuna.