Tarihin Ƙuruciya Mai Ɗaci: Me Mai Karatu Ke Bin Marubuci?

A zaman karatun da mukan yi bayan la'asar a Ƙofar Atiku, wani matashi daga cikinmu ya kawo mana tarihin ƙuruciyarsa da ya rubuta. Ya faɗi yadda aka saki mahaifiyarsa yana ɗan shekara 12, da irin zaman da ya yi da kishiyar uwa, da yadda ya koma kwana a tasha har ya faɗa shan kodin. Da aka gama karantawa sai zaure ya yi tsit, can kuma aka shiga ƙorafi. Wasu suka ce ya tona asirin gidansu, alhali ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wasu kuwa suka ce sun yi ta jiran babin da zai tuba, ya shirya da mahaifinsa, ya zama wani abu, sai ga rubutu ya ƙare yaro bai gama warkewa ba. Wani dattijo ya ce, “To, yaro, ina darasin?”

Mun taso da tatsuniya da littattafan da ke ƙarewa da sakayya, mugu ya ga bayansa, mai haƙuri ya dafa dutse. Shi ya sa idan muka buɗe tarihin wani mukan nemi wannan tsari a ciki. Amma fa tarihin rayuwa alƙawari ɗaya yake ɗauka, wato abin da aka faɗa ya faru. Bai yi mana alƙawarin kyakkyawan ƙarshe ba, domin mai rubutun yana raye, bai san nasa ƙarshen ba.

Akwai haushin da mai karatu ke da gaskiya a kansa. A 2003 wani Ba'amurke, James Frey, ya fitar da *A Million Little Pieces*, labarin yadda ya yi fama da giya da ƙwaya. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai bayan da Oprah Winfrey ta yaba shi a 2005. A farkon 2006 sai asiri ya tonu: ya ce ya yi kusan wata uku a kurkuku, ashe 'yan awoyi kawai ya yi a hannun 'yan sanda. Har sai da kamfanin ɗab'in ya yarda ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Waɗannan an cuce su, don an sayar musu da ƙage da sunan gaskiya.

Mu dubi namu kuma. Dorugu, wanda aka kama bawa tun yana yaro, ya ratso ƙasar Sakkwato tare da Heinrich Barth a 1853, ya isa Ingila a 1855, inda ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin *Magana Hausa* a 1885. Abin da ya sa har yau ake karanta shi, ya faɗi abin da idonsa ya gani ne, ya bar mu mu tsinci darasin da kanmu.

Sai dai masu maganar sutura ba su yi kuskure duka ba. Kishiyar uwar nan da mahaifin ba su da alƙalamin mayar da martani, kuma akwai ƙanne mata da za a zo neman aurensu. Marubuci na da ikon ya sakaya suna, ya yi shiru kan asirin da ba nasa ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ƙaro abin da bai faru ba, ko da tuba ce, don ya faranta mana.

Shawarar da muka ba ɗan'uwanmu ke nan: ya cire sunan unguwa da abin da ya shafi ƙanwarsa, amma ya bar ƙarshen yadda yake. Idan Allah Ya kawo ranar da ya shirya da mahaifinsa, sai ya rubuta mana littafi na biyu. Allah Ya nuna mana.