Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Kushewa, Tafiyar Minti Ashirin

A garin Stratford da ke bakin kogin Avon a tsakiyar Ingila, akwai wata hanya da ta tsaga gari biyu, tana ta sauya suna kafin ta ƙare: Henley Street, High Street, Chapel Street, Church Street, sannan Old Town. A bakinta gidan da aka haifi William Shakespeare yake, wato marubucin nan da wasanninsa suka sha hana ɗalibanmu barci lokacin jarrabawar WAEC. A ƙarshenta kuwa kabarinsa ne. Mai tafiya a ƙasa, ko da tsoho ne mai dogara sanda, minti ashirin ta ishe shi ya haɗa su. Shi mai gidan shekara 52 ya yi kafin ya kai.

Baƙi suna tururuwa kan hanyar nan don ɗaukar hoton gine-ginen katako da yaɓe masu shekaru ɗari huɗu da ɗoriya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu gidajen, da yadda kowane ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Gidan farko na wani baduku ne, John Shakespeare, mai ɗinka safar hannu ta fata, wanda ya taka matakai har ya shugabanci majalisar gari a 1568. Kafin a haifi William, shi da matarsa Mary sun riga sun binne 'ya'ya mata biyu tun suna goye. An yi wa William baftisma ranar 26 ga Afrilu 1564, kuma bai cika wata uku ba annoba ta faɗo garin. Mai rubuta rajistar coci ya sa alama a gefen shafi a watan Yuli cewa daga nan cutar ta soma. Kafin shekara ta fita mutum fiye da 200 sun tafi, a garin da jama'arsa ba su haura dubu biyu ba. Jaririn Henley Street ya tsallake, ba da dabararsa ba, ba da ta iyayensa ba. Da sauran shan ruwansa ne kawai.

Da an karya kwana zuwa High Street, sai ido ya faɗa kan wani siririn bene mai hawa uku, fuskarsa duk sassaƙa. Wani attajiri mai fataucin shanu da hatsi, Thomas Rogers, shi ya gina shi bayan gobarar da ta cinye sashen garin a 1594 da 1595, ya sa aka sassaƙa harufan farko na sunansa da na matarsa, da shekarar 1596. 'Yarsa Katherine ta auri wani mahauci a Landan mai suna Robert Harvard, suka haifi John a 1607. Annobar 1625 ta kwashe uban da mafi yawan 'ya'yan. John ya yi karatu a Cambridge, ya tsallaka teku zuwa Amurka a 1637, tarin fuka ya kayar da shi a shekarar da ta biyo, yana ɗan shekara 30, bai bar ɗa ba bai bar jika ba. A kan gadon mutuwa ya yi wasiyyar rabin dukiyarsa da littattafansa kimanin 400 ga wata 'yar makaranta da ba a daɗe da kafawa ba. Ita ce Jami'ar Harvard ta yau. Amma dubi yadda abin ya ƙare: gobarar 1764 ta lashe littattafan, ɗaya tak ya tsira, kuma gunkin da aka kafa masa a harabar jami'ar a 1884 fuskar wani ɗalibi ce aka ara, domin ba a sami hotonsa ko guda ba. Sunansa na bakin duniya, kamanninsa sun bi shi ƙasa.

Shekarar nan ta 1596 da ke jikin benen, a cikinta ne, a watan Agusta, Shakespeare ya rasa ɗansa namiji tilo, Hamnet, yana da shekara 11. Wani na ɗora rufi, maƙwabcinsa na tona rami.

Shekara guda bayan rasuwar yaron, uban ya sayi gida na biyu a girma duk faɗin garin, a kusurwar Chapel Street, ana kiransa New Place. Fam 60 aka rubuta a takardar ciniki. Asalin wanda ya gina shi Hugh Clopton ne, ɗan garin da ya yi arziki har ya zama magajin garin Landan, wanda kuma ya gina gadar dutsen da motoci ke bi a kan Avon har gobe. A wannan gida Shakespeare ya cika ranar 23 ga Afrilu 1616. Wata guda kafin nan ya sa hannu a wasiyyarsa, kuma a nan ne nake ganin mutumin ya fi ba da tausayi. Ya ɗaure dukiyar tamau a hannun babbar 'yarsa Susanna, ya ce bayanta ta koma ga ɗanta namiji na fari, in babu sai na biyu, in babu sai na uku, haka aka yi ta jerawa har na bakwai. Mutumin da ya ƙware wajen rubuta faɗuwar sarakuna, ga shi yana lissafin jikoki bakwai da ba a haifa ba. Susanna ba ta haifi namiji ko ɗaya ba. 'Ya mace guda gare ta, Elizabeth, wadda ta yi aure biyu ba haihuwa, ta rasu a 1670. Ƙanwar Susanna, Judith, tagwaiyar Hamnet, ta haifi maza uku ta binne su duka: na fari yana jariri, biyun a shekara guda, 1639. Shekara 54 bayan mutuwarsa, zuriyarsa ta yanke.

Gidan ma bai tsira ba. An sake gininsa a farkon ƙarni na 18, daga baya ya faɗa hannun wani malamin coci, Francis Gastrell. Baƙi masu son ganin wata bishiya da ake cewa marubucin ne ya dasa ta suka ishe shi, sai ya sa gatari ya sare ta a 1756. Mutanen gari suka farfasa masa tagogi. Rigimar haraji ta biyo baya, a 1759 ya rushe gidan ƙurmus, ya kwashe nasa ya nasa ya bar garin. Yau lambu ne a wurin, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon kufai.

Tsallaken titi akwai ƙaramin cocin ƙungiyar 'yan gari, wanda aka kafa tun 1269, Clopton kuma ya ba da kuɗin sabunta shi. Masu zane sun cika bangonsa da abin tsoro. A saman baka an zana ranar hisabi, matattu na fitowa daga kaburbura tsirara, wasu da kambin sarauta a ka, ana kora wani rukuni cikin bakin wuta. A wani bangon an zana mutuwa tana jan mutane rawa, babba da yaro, mai mulki da talaka. Da Ingila ta juya wa Fafaroma baya aka ba da umarnin kawar da irin waɗannan hotuna, kuma ma'ajin gari da ya rubuta an biya sule biyu kuɗin aikin, wajen 1563, ba kowa ba ne illa John Shakespeare. Aka shafe su da farar ƙasa. Abin mamaki, farar ƙasar ce ta adana su, har aka gano su a 1804. An rufe wa'azin shekara 240, amma ba a daina ɗaukar makara ta ƙofar cocin ana wucewa da ita ba ko shekara ɗaya.

A jikin cocin akwai tsohon zauren majalisa na wajen 1420, wanda ake kyautata zaton a samansa William ya yi makaranta, sai jerin gidajen sadaka da aka gina wa tsofaffi marasa galihu tun ƙarni na 15. Su kam har yanzu tsofaffi ne a ciki, wannan ya tafi wancan ya shigo. Ni a ganina duk hanyar babu ginin da ya fi su faɗin gaskiya, tunda ba wanda ya taɓa shiga cikinsu da zaton ya zo zama. Gaba kaɗan akwai Mason Croft, gidan Marie Corelli, marubuciyar da littattafanta suka yi kasuwar da har Sarauniya Victoria tana karanta su, wadda ta sa aka kawo mata kwalekwale daga Venice tana shawagi a kogi. Ta rasu a 1924. Yanzu ɗaliban Jami'ar Birmingham ne ke zama a ɗakunanta suna nazarin Shakespeare, da wuya ka sami wanda ya karanta nata.

Hanyar ta ƙare a cocin Holy Trinity, gab da ruwa. A can ciki, kusa da bagade, aka binne Shakespeare, kuma ba don alƙalaminsa ba: a 1605 ya zuba fam 440 ya sayi kaso a zakkar amfanin gona ta cocin, abin da ya ba shi matsayi a wurin. A zamanin, in maƙabarta ta cika, sai a tono tsofaffin ƙasusuwa a jibge a wani ɗaki da ke manne da bangon, a ba sababbin gawa wuri. Dutsen da ke kan kabarin marubucin ba ya ɗauke da sunansa, sai roƙo da tsinuwa ga duk wanda ya taɓa ƙasusuwan. Ɗakin ƙasusuwan an rushe shi a 1800. Matarsa Anne na kwance a gefensa, Susanna da mijinta na cikin layin. Hamnet yana waje cikin ciyawa, babu dutse a kansa. Taku kaɗan daga kabarin an ajiye tsohon kaskon dutse, gefensa a fashe, wanda ake jin a cikinsa aka yi wa jaririn baftisma, kusa da shi kuma ga kwafin shafi biyu na rajistar coci, na Afrilun 1564 da na Afrilun 1616, kowanne layi ɗaya.